Gurbin Sunan Uba

Abubuwa da yawa sun shige mini, har da rabin abin da aka koya mana a lekol, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a gaban mutane, hannuwana a baya, ina roƙon Allah Ya ɗauke wutar Maraɗi ba. Ku da kuka san garin nan kun san wannan ba addu'a ce mai wuyar karɓuwa ba. Kuran ɗinmu, wato wutar lantarkin, ko tari mutum ya yi da ƙarfi yana iya tafiya. Amma ran nan, da yake ni ce ke nema, sai ya tsaya daram, ko ƙiftawa bai yi ba.

Bari in faro muku daga tushe. Na zauna bak, jarrabawar gama sakandare, na faɗi, na sake zama na sake faɗuwa, sai na koma gida Tibiri na zama mai tsaron shagon yayana. Ina auna sukari, ina ƙulla omo a leda, ƙawayen da muka yi aji ɗaya suna wucewa suna ce mini "sannu da aiki" da irin muryar da ake yi wa mai jinya. Abin yana cina, ba zan ɓoye muku ba. Shi ya sa da na ji an buɗe wani santir a unguwar Zariya inda ake koyar da ordinatar (ita ce kwamfuta a bakin ƴan Najeriya), har da yadda ake rubuta porogaram, na tasa Inna a gaba da magiya sai da ta shawo mini kan Baba. Kullum da safe in shiga mota zuwa Maraɗi, in hau kabu-kabu zuwa Zariya, in dawo da la'asar kaina yana hayaƙi.

Malaminmu Mushe Iliya ne (Mushe muke ce wa malami, daga Faransanci), wani dogon Kirista ɗan garinmu, mai haƙuri kamar ba ya jin zafi. Shi ya shigo wata rana ya ce akwai labari. Wata Hajiya Zulai, babbar ƴar kasuwar atamfa, ta gina lekol ta ƙananan yara a Jiratawa, tana neman mace ɗaya da za ta riƙe mata rajistar yara a ordinatar. Aiki ne na dindindin, da tebur da kujera da fanka. Ya ce ya zaɓi mutum biyu a cikinmu, ni da wata Nafisa, kowace ta rubuta ɗan porogaram na rajista, Hajiya za ta zo da kanta ta gani ta ɗauki wadda ta yi mata. Tun a wurin na ga kaina a kan kujerar nan. Na riga na zaɓi atamfar da zan sa ranar farko, na kuma shirya irin kallon da zan yi wa masu ce mini sannu da aiki.

Porogaram ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne. Yana tambayar sunan yaro, a rubuta, a danna Antire, wato babban maɓallin nan da ke cewa "na gama, karɓi". Sai ya tambayi sunan uba, sai shekaru, sai unguwa, ya adana. Amma akwai abu ɗaya da Mushe Iliya yake nanata mana har ya zama kamar waƙa. Yakan ce, "Ku kuna rubuta tambaya kuna zaton kowa zai amsa. To wani zai zo ya danna Antire bai rubuta komai ba. Me porogaram ɗinku zai yi?" Ya bayyana mana cewa ordinatar ba ta san an yi shiru ba. Ita dai an miƙo mata amsa, kamar a miƙo maka kwano a rufe, sai ka buɗe ka tarar babu tuwo. Idan porogaram ya zura hannu zai ɗauko harafin farko na sunan don ya mai da shi babba, alhali babu harafin, nan take zai faɗi, ya zubo jan rubutu da Turanci ya tsaya cik. Maganin shi ne ka duba tukuna. Ka share sararin da mutum ya danna a banza, in abin da ya rage babu komai, ka gaya masa, ka sake tambaya, ka yi ta sakewa har ya amsa. Na gane wannan darasi sarai. (Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce rashin ilimi ne ya kashe ni. Ilimin ne ma ya yi mini yawa.)

A gida ba ni da ordinatar, sai ta Laminu nake ara. Laminu ɗan kawuna ne, taubashina, mai gyaran salula a bakin kasuwa, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a yi tsiya ba. Duk abin da na rubuta sai ya ja kujera ya ce, "Kawo in gwada, Injiniya." Gwajinsa kuwa ɗaya ne. Ya rubuta sunansa, in an zo sunan uba ya danna Antire ba komai, porogaram ya faɗi, shi kuma ya kwashe da dariya har da buga cinya. Da na koyi maganin abin, sai na ce yau zan rama. Na zauna na rubuta saƙon da zai fito idan aka bar gurbin uba babu komai, har na yi gwanintar sa porogaram ya ɗauko sunan da aka rubuta a sama ya saka a cikin saƙon. Laminu ya zo, ya rubuta sunansa, ya danna Antire yana murmushi, sai allo ya ce masa:

"Au, ashe ba a san uban Laminu ba? A koma gida a tambayi uwar."

(Na sani. Uban nasa kawuna ne, uwar kuma ita ta yi mini kitson sallah tun ina ƙarama. Amma wasan taubasai ba ya duba wannan, kuma ni bakina tun asali ba shi da linzami.) Ran nan ni na yi dariya har da hawaye. Ya sake dannawa, ya sake fito masa, ya sake, ya sake fitowa. Ya tashi ya ce Allah Ya isa tsakaninsa da Mushe Iliya da ya koya mini.

Ba mahaukaciya ba ce ni, na san ba za a kai wannan gaban Hajiya ba. Na yi wani kwafi mai tsabta, na cire zagin na sa "Don Allah a rubuta sunan uba", na ƙara masa sallama da barka da zuwa a farko, na kai wa Mushe ya duba ya ce madalla. Matsalar ita ce yadda nake raɗa wa fishiye suna, wato kowane kwafin da na adana. Akwai "rajista", akwai "rajista sabo", akwai "rajista na gaske", akwai "rajista na gaske sabo", duk a jere a wuri ɗaya. Da safen ranar gwaji na makara, ɗan kwalina ya ƙi ɗauruwa, Laminu yana waje a kan babur yana ta danna oda don shi ya ce zai kai ni. Na zura kile, ɗan abin nan da ake kwasar aiki daga ordinatar a ciki, na jawo ɗaya daga cikinsu na jefa, na zare na fita da gudu.

Mun tarar an share aji, an jera kujeru, an kafa na'urar da ke haska allon ordinatar a jikin bango, don kowa ya gani. Ƴan ajinmu duk sun zo kallo. Hajiya Zulai tana kujerar gaba, dattijuwa mai jiki, da mayafi mai nauyi da carbi a hannu, irin matan da in sun dube ka sai ka duba ko rigarka ta karkace. Kusa da ita maigidanta, wani siririn Alhaji mai farin gemu, shi ya tuƙo ta. Laminu ya ƙi tafiya, ya tsaya a taga ta waje wai zai ga yadda Injiniya za ta yi.

Mushe ya faɗi doka. Wadda ake gwada nata za ta miƙa kile, ta koma gefe ta tsaya, hannu a baya, ba ta taɓa komai, ba ta cewa komai, domin ranar da za a yi aiki da porogaram na gaske ba kullum mai shi ke kusa ba. Abin da ke cikin kile shi ne aikinki, babu canji. Hajiya ba ta saba da danne-danne ba, saboda haka shi zai karanta mata tambaya, ta amsa da baki, ya rubuta. Aka ce ni ce farko. Na miƙa kile ina taku ɗai-ɗai, har ina ɗan tausaya wa Nafisa.

Bango ya yi haske. Rubutu ya fito: "Sunan yaro:"

Babu sallama. Babu barka da zuwa.

Na ƙura wa bangon ido ko sallamar tana sama ta ɓuya, amma babu abin da ke sama sai farin fenti. Kwafi mai tsabta da sallama yake farawa, wannan kuwa na Laminu ne. Na juya na dubi taga, shi ma ya gane, domin murmushin da ke fuskarsa ya tafi, ya dafe baki da hannu.

"Injin ga ba ya sallama?" in ji Hajiya, da Mushe ya karanta mata. Aka yi ƴar dariya. Mushe ya ɗan waigo ya dube ni da alamar tambaya, ni kuma na yi masa wani murmushi da na tabbata ya fi kama da ciwon haƙori.

Yanzu mai hankali zai ce, me ya hana ki ɗaga hannu ki ce an yi kuskure? Na yi wannan tunanin, wallahi na yi. Amma kwafi mai kyau yana can Tibiri cikin ordinatar Laminu, doka kuma ta ce babu canji. In na yi magana, na miƙa wa Nafisa kujerar da hannuna, in koma auna sukari. In na yi shiru fa? Sai na shiga lissafi. Zagin nan ba ya fitowa sai an bar gurbin uba babu komai. Yau ba Laminu ke dannawa ba, babbar mace ce za ta amsa. Wace uwa ce za a tambaya sunan uban ɗanta ta rasa amsa? Gurbi ɗaya ne tak, in aka wuce shi na tsira, sauran duk lafiya lau suke. Na kama bakina, kwaɗayin fanka ya rufe mini ido.

"Hajiya, ki ba mu sunan yaro ɗaya, ko wane ne, don gwaji kawai," in ji Mushe.

"To, sa autata. Sa'adatu."

Ya rubuta, ya danna. A daidai nan salular Alhaji ta yi ƙara, ya miƙe yana "alo, alo", ya fita waje neman inda zai ji da kyau. Ban ɗauki fitarsa a bakin komai ba. Bango ya ce: "Sunan uba:"

"Sunan mahaifinta, Hajiya."

Hajiya ta yi shiru. Ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai, ta ɗan yi murmushi tana jan carbi. Babbar mace mai shaguna a kasuwa, wadda ƴan kwastan ke gaisarwa, sai ga ta tana kallon ƙasa kamar amarya.

A nan ne abin ya faɗo mini, kuma a nan ne na ji gumi ya karyo mini tun daga tsakar kai. Kunya! Matan zamaninsu ba sa faɗin sunan miji. Ni da na tashi a ɗakin Inna, wadda ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba, sai dai "Malam" ko "shi", wadda ko yaron maƙwabta mai irin sunan ta canza masa wani, ni ce na tsaya ina lissafin wai babu matar da za ta yi shiru a wannan gurbi. Abin yana cikin gidanmu, ina ganinsa kullum, amma ban taɓa haɗa shi da ordinatar ba.

"Wuce wurin ga, Malam," in ji Hajiya a hankali. "Ai an sani."

Na dubi ƙofa. Alhaji yana can ƙarƙashin bishiyar bedi, ya juya mana baya, yana ta faɗa da wani a kan buhunan taki. Da yana zaune da shi zai faɗi sunansa da bakinsa a wuce. Na dubi fitilar da ke sama, na fara addu'ar da na gaya muku. Ya Allah kuran, ya Allah ko na minti ɗaya ne. Fanka tana ta juyawa abinta.

"Hajiya," na ji muryata ta fita, siririya kamar ba tawa ba, "ko Alhaji kawai za a rubuta?"

"Madmazel," in ji Mushe, "hannu a baya, baki a rufe."

Sai ya juya ga ƴan aji, fuskarsa cike da jin daɗi, abin da ya fi komai kashe ni ke nan. "Kun gani? Ga abin da nake gaya muku kullum ya zo da kansa. Hajiya tana da dalilinta na yin shiru, kuma dalili ne mai kyau. Yanzu za ku ga yadda porogaram mai tarbiyya yake karɓar shiru. Na duba wannan da kaina, ku kalla ku koya."

Ya ɗaga yatsa. Na rantse muku na ga saukar yatsan nan kamar ana jan shi da igiya. Zanina ya manne a jikina. Ya danna. Maɓallin kuma tsoho ne, in an danna shi yakan maƙale, sai ya maƙale.

Layi ya fito, wani ya biyo, wani ya biyo, har bangon ya cika daga sama zuwa ƙasa, da manyan baƙaƙen da na ƙarshen aji ma zai karanta:

"Au, ashe ba a san uban Sa'adatu ba? A koma gida a tambayi uwar."

Wata a baya ta ce "Innalillahi" ƙasa-ƙasa. Nafisa ta rufe fuska da littafi. Na dubi taga, babu Laminu babu alamarsa, sai ƙarar babur da na ji tana nisa. Mushe Iliya ya daskare, yatsansa a sama, yana karantawa yana sake karantawa kamar rubutun zai canza.

Hajiya ba ta zo da tabarau ba. Ta ƙanƙance ido tana duban bango, ta dubi mutane, ta ga kowa ya sunkuyar da kai.

"Mi ya ce?"

Mushe ya kau da kai.

"Malam, na ce mi injin ya ce? Na ga kamar sunan ɗiyata."

"Hajiya, wani ɗan kuskure ne," in ji Mushe, yana laluben waya a bayan tebur zai cire. Na fara jin ɗan sanyi a raina, na ce ƙila asiri ya rufu, a ce inji ya lalace a wuce wurin. Sai ga Alhaji a bakin ƙofa, yana mayar da salula aljihu. Ashe shi irin dattawan nan ne da suka yi boko kaɗan suke ji da shi, ba ya wuce rubutu bai karanta da ƙarfi ba, ko na jikin mota ne. Ya tsaya, ya ɗaga gemu, ya karanta wa duniya, kalma bayan kalma, da murya irin ta mai sanarwa a masallaci. Har da "au" ɗin bai bari ba.

Da ya kai ƙarshe sai ya sauke gemu. Ya dubi bango, ya dubi matarsa, ya dube mu. Ya ce, "To, ga uban nan ya shigo. Ko akwai wani ne?"

Wani yaro a baya dariya ta kuɓuce masa, ya mai da ita tari. Hajiya kam ba ta yi dariya ba. Ta miƙe a hankali, ta tattara mayafinta, ta juyo ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Ke kika rubuta wanga?"

"Hajiya, ba ke aka..."

"Na ce ke kika rubuta?"

"Ni ce."

"Tun da anka kai ni ɗakin bawan Allah ga, har na aurar da ɗiya, har na ga jikoki, ba a taɓa yi mini tambayar ga ba. Sai yau, a gaban yara." Ta sa takalmi ta fita, Alhaji ya bi ta, Mushe ya bi su yana ba da haƙuri.

Ni ban san lokacin da na fice ta ƙofar baya ba. Na je bayan ginin inda ake ajiye randa na tsuguna, na yi kuka mai isata, kukan kunya da na haushin kaina. A can Mushe ya same ni bayan an watse. Na zaci zai yi faɗa, sai kawai ya tsaya yana kallona, ya miƙo mini kile ɗina. Ya ce, "Abin da ya fi ba ni haushi, aikin daidai yake. Ya gane babu komai, bai faɗi ba, ya sake tambaya. Duk abin da na koya miki kin yi." Ya juya zai tafi, ya waigo ya ce, "Ni kuma na ce wa mutane mai tarbiyya ne." Wannan maganar ta fi mari zafi.

Kafin in isa Tibiri labari ya riga ni. (Laminu ya rantse ba shi ya faɗa ba. Har gobe ban yarda ba.) Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Gobe ki sa hijabi, za mu Jiratawa. Abin da bakinki ya ɓata, gwiwarki za ta gyara." Na ce ai ba bakina ba ne, inji ne. Ta ɗago ta dube ni, na shige ɗaki.

Washegari muka kama hanya. Duk korayen gonakin nan na Jiratawa, da ruwa yana gudu a magudanai, da mata suna tsinkar zogale, ban ga kyansu ba. A raina kuma, kada in yi muku ƙarya, akwai sauran ɗan buri. Na ce ƙila in ta ga na zo har gida da uwata, ta ji yadda abin ya faru, ta ce yarinyar nan ta iya aiki, a ba ta.

Muka yi sallama aka shigar da mu. Hajiya tana zaune a kan tabarma, Inna ta gaishe ta suka yi ta jan gaisuwa, ni kuma na zube a gefe gwiwa biyu. Na ba da labarin Laminu da kile da fishiye masu suna iri ɗaya. Ta saurara har na gama. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Sa'adatu! Kawo wa baƙi ruwa."

Ni duk zatona ƴar yarinya ce. Sai ga babbar mace ta fito da goyo a baya, siririya, doguwar fuska, dogon hanci. Alhaji sak, gemun ne kawai babu.

"Ga ta nan," in ji Hajiya. "Dube ta da kyau, in kin koma ki gaya ma injinki."

Inna ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna motsi, na san dariya take dannewa. Sa'adatu ta ajiye ruwa ta ce mini, "Au, ke ce? Sannu, Injiniya." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ta ce ta yafe, duniya da lahira, don darajar Inna da ta tako. Ta ce ita ma tana da taubasai, ta san wasa. Na ɗan ɗago kai ina jiran sauran. Sai ta ce aikin kam ta ba ɗayar yarinyar. Ashe bayan na gudu Alhaji ya lallashe ta ta koma aka gwada na Nafisa, aka zo gurbin uba, ta sake yin shiru, Mushe ya danna. Nafisa ta manta da darasin gaba ɗaya. Porogaram ɗinta ya faɗi warwas, ya zubo jan Turancin da babu wanda ya gane.

Ban san lokacin da na ce, "Amma Hajiya, ai nata lalacewa ya yi" ba. Inna ta mintsine ni a cinya.

"Na gani," in ji Hajiya. "Nata suma ya yi. Wanda ya suma ana yayyafa mai ruwa ya tashi, Malam ya ce gyaran ba wuya. Naki kuwa lahiyarshi lau, da hankalinshi ya yi maganar. Ni iyayen yara za su zo mini, ɗiyata. Akwai mai kunya irina, akwai wadda mijin ya rasu ba ta son a tada mata, akwai kuma wadda in anka yi mata tambayar ga ba za ta sake tako lekol ɗina ba. Sha ruwanki."

Na sha. Na koma shagon yayana na ci gaba da auna sukari har Allah Ya kawo wani aikin, Nafisa kuma tana can ƙarƙashin fanka, mukan gaisa. Ban daina rubuta porogaram ba. Abin da ya canza shi ne yanzu gurbin da za a bari babu komai shi nake fara tunani, domin na gane mai yin shiru sau da yawa ya san amsar, faɗa ce ba zai yi ba. Kuma duk saƙon da inji zai gaya wa mutum, ko na gwaji ne, ko Laminu kaɗai zai gani, sai na karanta shi da ƙarfi a gaban Inna kafin in adana. Kwanan baya na karanta mata wani da ke cewa, "Ba a rubuta komai ba, a sake gwadawa." Ta ci gaba da tsince shinkafa, sannan ta ce ita dai ta ji ƙanshin gatse a ciki, in sa masa "don Allah". Na sa masa guda biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe.